Tsirkiyar Gita a Gidan Suruka

Mu maƙeran Timiya da baki aka san mu kafin a san mu da guduma. In ɗan asali, wato wanda ba jinin maƙera ba, yana son yarinya, mu zai aika. In tsoho ya tare wa maƙwabcinsa ruwan lambu, mu za mu je mu faɗa masa a gaban 'ya'yansa, ya yi dariyar dole ya ba mu shayi. Su kunya ta ɗaure musu harshe tun kaka da kakanni, mu kuwa an ce ranar da ake rabonta muna can muna zuga wuta. Shi ya sa duk maganar da ta fi ƙarfin bakin mai ita a ƙofarmu ake sauke ta. Ni Emud tun ban yi gemu ba nake ɗaukar irin wannan kaya, kuma ban taɓa dawowa da shi a kaina ba sai na Attefok.

Attefok abokina ne, shi ke kaɗa gita, ni ina raka shi da ƙwarya. Dogo ne marar magana, in ka gan shi a hanya sai ka rantse bai san hanyar dariya ba, amma in yatsunsa suka hau waya ko tsohuwa mai ciwon ƙugu sai ta gyara zama. Da ya nemi auren Tanalher danginta suka ce a kai kasuwa. Wanda ya fi kowa kumfar baki shi ne kawunta Sidamar, ƙanin uwarta, mai lambun lemun nan da ke bakin ƙorama. Ya ce yana raye ba za a ba da 'yarsu ga mutumin da gonarsa katako ce mai waya shida ba.

Uwar yarinyar, Tekna, ita ta tsaya kai da fata. Mijinta ya daɗe da rasuwa, kuma ba macen da ake ɗaga wa murya ba ce. A zamaninta in ta zauna gaban tande, turmin nan da ake ɗaure wa fatar akuya a baka, raƙuman samari sai sun taka rawa ko sun ƙi ko sun so. Ta ce wa ƙaninta wanda ya iya sa mutane su manta da yunwa na yini guda bai rasa sana'a ba. Aka ɗaura aure. Sidamar ya haɗiye, amma bai narke masa a ciki ba, duk taron da aka yi sai ya tambaya ko gonar surukin yayarsa ta yi yabanya.

Tun daga nan kunyar da Attefok ke ji wa Tekna ta ninka ta kowane suruki. Ba ya kiran sunanta, ba ya shan ruwa inda za ta gani, in ya doshi gidanta amawalin rawaninsa har ƙasan ido yake kaiwa. Ko a bayan idonta in zai ambace ta sai dai ya ce "su wajen can." Na sha yi masa tsiya a kan haka, na ce wata rana zai ci karo da bishiya a ƙofar gidan don bai bar wa kansa wurin gani ba.

To, sai aka sa bikin Mulul, autan Tekna, ƙarshen damina. Da aka zo maganar makaɗa Sidamar ya ce shi zai ɗauko na Agadas da kuɗinsa. Tekna ta ce a bar kuɗin a aljihu, mijin 'yarta ne zai kaɗa. A gaban dangi duka ta faɗa, wato ta ɗauki mutuncinta ta ɗora a tafin hannun Attefok, kuma ya san haka sarai.

Tsirkiyoyin da ke jikin gitarsa a lokacin sun gama aiki tuntuni. Biyu daga ciki ma ba tsirkiya ba ne, wayar birkin babur ce na warware masa. A gindin bishiya tsakaninmu tana rufa asiri, amma in aka haɗa da lasifika sai ka ji kamar akuya ta maƙale a danga. Don haka da bazara ya bi motar Tamanrasat, can ƙasar Larabawa, ya yi aikin gini. Da ya dawo ba riga sabuwa, ba takalmi, abin da ya ciro ya nuna mini wata leda ce mai ƙyalli, a like ruf ta kowane gefe, tsirkiya shida a ciki.

"Kar ka taɓa da hannun gawayi," ya ce.

"Ledar ma?"

"Mai shagon ya ce muddin ba a farke ta ba, aka ajiye a busasshen wuri, shekaru za su yi suna nan sababbi. Amma ranar da iska ta shiga, kwanansu ya fara ƙarewa. Danshi da gumin hannu su ne ajalinsu."

"A garin nan ina ka ga danshi? Mu da ke roƙon sa."

"Shi ya sa hankalina a kwance yake."

Ya sa ledar a ƙasan jakar da Tanalher ke ajiye azurfarta, don nan ne wurin da ba mai taɓawa. Abin da bai lissafa ba shi ne cikin fari. Da ruwan farko ya sauka aka zo aka ɗauki Tanalher zuwa gidan uwarta goyon ciki, kuma mace ba ta barin azurfarta a baya. Jaka ta bi ta, leda ta bi jaka.

Wata safiya ina gyaran bakin fartanya sai ga Attefok ya shigo maƙera ya tsuguna, ko sallama bai gama ba.

"Emud, an farke ledar."

"Wa ya farke?"

Ya ƙara jan amawali sama. Na gane wa ake nufi.

Sai da na matsa masa ya ba ni labari. Ya je gaisuwa gidan Tekna, ya zauna bayan danga inda ya saba zama. Yana ɗaga ido ya hango ledarsa an ɗaure ta a kan kara tana kaɗawa, ana koran tsuntsaye da ita daga shanyar tumatir. Kafin ya farfaɗo sai ga tsohuwa ta fito, ta nufi inuwar da aka rataye salka. A ƙarƙashin salkar, daidai inda ruwa ke ɗiga, an rataye wata 'yar jakar fata. Ta sauke ta, ta buɗe, ta tsoma yatsu a ƙoƙo ta yayyafa wa tsirkiyoyinsa ruwa a ciki. Da ta hango shi ma sai ta ɗaga jakar sama, don ya ga ana kula masa da kayansa.

Allah ya gani na yi dariya har sai da na zauna a ƙasa. Shi ko murmushi bai yi ba.

"To ka faɗa wa matarka mana, ta faɗa mata."

"Na faɗa. Ta ce ita ba za ta iya kallon idon uwarta ta ce mata hannunta ɓarna yake yi ba. Kuka ta sa mini, ga ciki ya tsufa."

"Shi ne ka tuna da ni."

"Don me aka yi ku?"

"Don mu ci naman biki mu zage ku. Tashi ka ba ni wuri, kafin azahar kayanka na hannunka."

Da gaske nake. A lokacin in an tsane su an goge da mai, da sun kai biki lafiya. Na wanke hannu na tafi ina tsara yadda zan fara da wasa in ƙare da gaskiya, kamar yadda ubana ya koya mini.

Na tarar da Tekna a inuwa ta miƙe ƙafa. Anna muke kiranta, wato inna, mu da duk wanda ya tashi a unguwar. Ta turo mini akushin dabino da cuku kafin in gama gaisuwa.

"Ɗan zuga-zugi, yunwa ta kawo ka ko gulma?"

"Duka biyu, Anna, amma a fara da yunwar."

"Ci. Ina da abin nuna maka, kai da ka san ƙarfe."

Ta miƙe da ƙyar ta sauko da jakar. Fatar ta yi laushi tiɓis don ruwa, tana warin bagaruwa.

"Ka ga abin da Larabawa suka yi? Sun kama abin kiɗa sun kulle a leda, ko numfashi ba ya yi. Abin da ake so ya yi magana a shaƙe masa wuya? Ni da na tsufa a gaban tande, ban taɓa barin fata ta bushe ba. Ana bugu ana yayyafi, in ta bushe murya ta tafi. A garin nan duk abin da ba a ba shi ruwa ba mutuwa yake yi, lemu ne, akuya ce, mutum ne. Yaran yanzu sun iya kaɗawa, ba su iya riƙo ba."

Ga ƙofa ta buɗe mini, maganar tana kan harshena. Sai ta ajiye jakar a cinya ta miƙo mini hannuwanta. Na daɗe ban kalle su da kyau ba. Sanyin ƙashi ya karkace yatsun, gaɓoɓin sun kumbura, ba ta iya dunƙule su.

"Waɗannan sun ƙi ni, Emud. Na yi wa 'ya'yan kowa kiɗa a garin nan, ga bikin autana ya zo ko tafi ba zan iya ba. Na yi kuka a kan haka, ba na ɓoye maka. Sai Allah ya kawo mini wannan aiki har gida. Ranar nan in mutumin nan ya kaɗa, Sidamar ya rasa inda zai sa fuskarsa, ni kaɗai zan san akwai hannuna a cikin muryar."

Ta buɗe jakar ta kawo mini kusa da hanci. Takardun da kowace tsirkiya ke ciki sun jiƙe sun manne, kuma a jikin siraran na ga ɗigo-ɗigon ja sun fara fitowa.

"Idona ya yi rauni. Duba mini, suna ƙyalli?"

"Suna nan, Anna."

"Ruwan ya isa?"

"Ya isa. Ya ma so ya yi yawa. Da kin huta haka nan, ki mayar da su wuri busasshe."

Ta yi dariya ta ɗaure bakin jakar.

"Kai maƙeri ne, wuta ka sani. Bar mini ruwa."

Iyakar abin da na iya ke nan. Ni da na taɓa faɗa wa mai unguwa a tsakiyar kasuwa cewa sirdin da yake taƙama da shi na aro ne, na tashi na karkaɗe wando na yi wa tsohuwa godiyar cuku. A hanya na ji wani abu mai nauyi a wuyana wanda ban saba da shi ba, sai daga baya na gane ita ce kunyar da ake faɗa.

Attefok na nan tsugune inda na bar shi.

"Ka faɗa?"

"Na ci dabino."

Na ba shi labarin hannuwan, da abin da ta ce game da muryar. Da na sani ban faɗa masa wannan ba. Ya dubi toka ya ce shi ke nan, a bar su.

Ban bar maganar nan take ba. Na ce bari in shiga gidan ranar da ta tafi ta'aziyya in ɗauke jakar, in ya so a ce ɓera ne. Ya ce in na yi haka za ta ce ita ta yi sakaci da amanar surukinta, kuma wannan zai kwantar da ita. Na koma gidan da niyyar yau sai na faɗa, na tarar matan unguwa sun kewaye ta suna yaba mata, wata ma ta kawo ruwan rijiyar masallaci wai ya fi albarka, na sake dawowa da bakina. Daga ƙarshe muka ba direban motar albasa sallahu ya sayo ko waɗanne iri ne a Agadas. Ya tafi ke nan aka yi ruwan da ba a taɓa gani ba a kan duwatsu, ƙorama ta cinye hanya, motar ta maƙale a can ƙetare har bayan biki.

A tsakanin nan Tanalher ta haihu, namiji. Attefok kan je ganin ɗansa, a fito masa da jariri bayan danga. Yana riƙe da yaro yana jin ɗigar salka, tsohuwa kuma ba ta taɓa fashin ɗaga masa jakar ba. Shi kuma sai ya sunkuyar da kai alamar godiya. Ya rame a daminar nan, mutane suka ce ɗokin haihuwa ne.

Ana gobe biki aka aiko da jakar, an naɗe ta a sabon ƙyalle, da saƙon cewa a kaɗa da kyau. A maƙera muka buɗe. Takardun sun narke sun zama dusa, tsirkiyoyin sun yi ja kamar an ƙunsa musu lalle. Na kwashe yinin ina dirza su da toka da man inji. Masu kaurin sun ɗan yi haske a waje, amma tsatsar ta shige cikin naɗin inda ba abin da zai kai gare ta. Siraran kuwa in ka bi su da farce sai ka ji ƙuraje.

"Ka bar tsofaffin a jiki," na ce masa. "Wayar birki ba ta da murya, amma ba ta tsinkewa."

"Su wajen can suna da kunne, Emud. Bugun farko za su san ba nasu ba ne."

"To in suka tsinke fa?"

"Sun ce hannunsu na cikin muryar."

Ya ɗaura su ɗaya bayan ɗaya, yana murɗawa a hankali yana kau da fuska, kuma bai ja su sun kai inda ya kamata ba don tsoro. Ya kaɗa kaɗan. Muryar a dushe take, amma murya ce.

Da la'asar aka taru a filin yashi da ke bayan lambuna. Timiya duka ta fito, da baƙi daga rugage, shuni na ƙyalli a jikin kowa. Mata a gefe guda, Tekna a gabansu a kan sabuwar tabarma, ta sa azurfar da ba ta sa ba tun rasuwar mijinta. Maza a ɗaya gefen, Sidamar cikin farar riga ya harɗe. Muka haɗa lasifika da batirin mota, na kife ƙwaryata a kan bargo.

Waƙar farko ta wuce lafiya. Na riƙa dukan ƙwarya da ƙarfi fiye da kima don in rufe dushewar, samari suka fara shiga fili, mata suka ɗauki tafi. Na saci kallon Tekna na ga ta lumshe ido tana gyaɗa kai, har na fara cewa a raina Allah ya rufa asiri.

A tsakiyar waƙa ta biyu ƙaramar tsirkiya ta tsinke. Attefok bai tsaya ba, ya ci gaba da sauran, irin wannan kan faru da kowane makaɗi. Ba a jima ba mai bi mata ta tsinke ta zabge shi a bayan hannu, jini ya fito. Ya cije ya koma kan masu kauri. Sai ta uku ta warware, naɗinta ya saki, lasifika ta yi wata ƙara mai ban tsoro har wani raƙumi ya zabura. Na sami kaina ina dukan ƙwarya ni kaɗai, na tsaya. Samarin da ke rawa suka tsaya da hannuwa a sama, kowa na kallon kowa.

Sidamar ya miƙe, ya tako a natse kamar wanda aka kira. Ya tsuguna ya ɗauki guntun tsirkiya daga yashi, ya goga a hannun farar rigarsa, ya ɗaga hannun don kowa ya ga jan layin da ya fito.

"Tsatsa ce," ya ce. "A garin da ƙusa ke shekara a waje ba ta canja launi ba. Wannan ƙarfen jiƙa shi aka yi. Wane mai hankali ne ya ba ƙarfe ruwa?"

Bai san amsar ba, don maza ba su san abin da ake yi a inuwar mata ba. Amma gefen mata ya yi tsit. Na ga wadda ta kawo ruwan rijiyar masallaci ta sunkuyar da kai, na ga Tanalher ta danna fuskarta a jikin jaririnta. Ko yaro ya buɗe baki a lokacin nan, an gama da Tekna a gaban ƙaninta da gari duka. Ni da ake aike don magana, na kafa idona a kan ƙwaryata.

Attefok ya jawo abin magana kusa da bakinsa. Waƙa daban, magana daban, kuma tun da ya yi aure tsohuwa ba ta taɓa jin maganarsa daga kusa ba. Yau ga ta a lasifika.

"Kawu, laifina ne. Araha na bi. Tsofaffin kaya ne da suka daɗe a bakin teku, mai shagon ya ga baƙauye ya manna mini. Tun a cikin leda suka mutu, ni ne ban iya saye ba. Ba don kulawar da suka samu a gida ba, ko waƙa ɗaya ba za su yi ba."

Sidamar ya dube shi daga sama har ƙasa, sannan ya ƙyalƙyale da dariya.

"Araha ba ta ado, ɗana." Ya juya wajen mata. "Yaya, kin dai ji da kunnenki, ba ni na faɗa ba. Mutum ya yi bazara guda a ƙasar Larabawa yana ɗaukar bulo, ya dawo mana da tsatsa. Gonar ta yi kyau bana."

Maza suka kwashe da dariya, samarin da ɗazu suke rawa har da riƙe ciki. Wani ya ce a ba shi akuya ya yi kiwo ko zai iya, wani ya ce kar a ba shi, zai sayo matacciya. Attefok yana zaune, gita a cinya da wayoyi suna reto, jini na ɗiga a wandonsa, bai ɗaga kai ba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, kuma ba ni ake yi wa dariyar ba. Tekna ba ta ce uffan ba. Tana zaune a miƙe, idonta a kan yashin da ke gabanta.

Biki ba ya tsayawa don mutum ɗaya. Mata suka aika aka kawo turmi da fata, aka ɗaure tande nan take, wata ta zauna tana bugu wata na yayyafa wa fatar ruwa. Aka roƙi Tekna ta ɗauko musu waƙar farko don albarka, ta ce maƙogwaronta na ciwo. Mu kuwa muka naɗe wayoyinmu muka bi ta cikin lambuna don kar mu haɗu da kowa, ni da batir a ka, shi da gita a kafaɗa.

Mun yi nisa kafin ya yi magana.

"An yarda da abin da na faɗa?"

"Kowa ya yarda. Gobe har rugage za a san ba ka iya saye ba."

"Ba kowa nake tambaya ba."

Na ce ban sani ba, kuma gaskiya na faɗa.

Washegari da sassafe aka ce Anna na kira na. Gidan cike da tukwanen biki ba a wanke ba, baƙi na barci a ko'ina. Ta ja ni can ƙarshen danga inda ba kowa. Ba dabino, ba tsokana, ta cire azurfar jiya.

"Emud, ƙarfe yana shan ruwa?"

"Ba ya sha, Anna."

"Da ban farke ledar nan ba fa?"

"Da sun kai har bikin jikanki."

Ta gyaɗa kai a hankali.

"Ranar da ka zo na ba ka cuku, da maganar ka zo?"

"Da ita na zo."

"Ka koma da abarka."

"Na koma da ita, Anna. Na ga hannuwanki, na kasa."

"An ba ku baki ne don mu da ba mu da shi. Da ka faɗa, kunyar yini ɗaya ce, tsakanina da kai." Ba da faɗa ta yi maganar ba, da ma ta yi faɗan da ya fi mini sauƙi. "Shi fa, tun yaushe ya sani?"

Na so in rage mata, na ga an yi mata ƙarya ta isa haka.

"Tun ranar farko."

"Yana zaune bayan dangan nan, ina ɗaga masa jaka."

"Eh."

"Damina guda ina ɗaga masa, yana sunkuyar mini da kai."

Ta dafa kara ta tsaya, na ɗauka faɗuwa za ta yi. Da ta sake magana muryarta ta yi ƙasa sosai.

"Jiya kafin ya rufe baki na san ƙarya yake yi. Na zauna a kan sabuwar tabarma, na bar ƙanina ya mayar da shi abin dariya a gaban gari. 'Ni ce' kawai zan ce. Na buɗe baki ta ƙi fita, Emud. Na ji tsoron dariyar, na bar masa ita shi kaɗai."

"Haka ya so, Anna. Don ki yi shiru ya yi."

"Na sani. Shi ne ya fi ciwo."

Daga cikin ɗaki jariri ya fara kuka, muka ji Tanalher na lallashinsa. Tsohuwa ta saurara har ya yi shiru.

"Zan ba ka saƙo, wannan karon ka kai shi yadda yake. Ka ce masa…"

Na jira. Ta daɗe tana neman abin da za ta ce, leɓenta na motsi, har na ɗauka ta fasa.

"Ka ce masa ya zo ya ga ɗansa da hantsi. Ya shigo har ciki ya zauna a inuwa, ya sha ruwa. Ba zai tarar da ni a gida ba."

"Yau kaɗai, Anna?"

Ta jawo mayafinta da karkatattun yatsun nan ta rufe fuskarta har ido.

"Duk ranar da zai zo, a faɗa mini tun da safe."